Cinikin Biri a Sama: Abin da Ba a Faɗa wa Matasan Gwarzo da Kabo Game da Shagon Intanet

Duk wanda ya taɓa zama a irin bitar nan da ake shirya wa matasa da sunan koyar da sana'ar zamani ya san yadda jawabin yake tafiya. Mai horarwa zai ɗaga wayarsa sama ya ce ga shago nan a tafin hannu, babu kuɗin haya, babu mai karɓar haraji a bakin rumfa, kuma duniya baki ɗaya ta zama kasuwa. Za a koya wa mahalarta buɗe shafi a Instagram, da ɗaukar hoton kaya a wuri mai haske, da rubuta 'yan kalmomin jan hankali. A rana ta ƙarshe a raba satifiket, a yi hoto, kowa ya kama gabansa.

Saurayin da ya taso daga Getso ko budurwar da ta zo daga Garo za su koma gida da wannan albishir. Wani zai sayar da tumakinsa, wata za ta kwashi adashinta, a shiga Kano a sari kaya. Bayan wata shida sai a tarar shafin na nan, hotunan na nan, jarin kuwa ya bi ruwa. Mafi muni shi ne yadda mai shagon kan ɗora wa kansa laifi, yana ganin ko hotunansa ne ba su yi kyau ba, ko kuwa bai iya talla ba ne.

An bar jaki ana dukan taiki. Abin da ake koyarwa a waɗannan tarurruka shi ne mafi sauƙin ɓangaren aikin. Tambayoyin da ke raya shagon intanet ko su kashe shi a wuri irin Gwarzo da Kabo guda uku ne, kuma ba kasafai ake taɓa su ba: wa zai tsaya wa mai saye da mai sayarwa tun da ba su san juna ba, ta wace hanya kaya za su isa, kuma me zai saura bayan an cire duk abin da aka kashe. Wanda ya tura matashi kasuwa bai nuna masa waɗannan ba, ya cuce shi, ko da niyyarsa kyakkyawa ce.

Ƙofofin da suka riga suka buɗe

A yi adalci, abubuwa biyu sun sauƙaƙa ƙwarai. Na farko, baje koli. WhatsApp da Facebook da Instagram da TikTok kyauta suke bayar da wuri, kuma yarinyar da ta gama sakandare a Kabo ba ta buƙatar malami kafin ta sa hoton mayafi a sitatus ɗinta.

Na biyu, karɓar kuɗi. Wannan kuwa wahala ce ta koyar da shi. Bayan Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin Naira a Oktoban 2022, ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo baya a farkon 2023 ya tilasta wa mai shayi da mai nama da mai kayan miya buɗe asusu. Tun daga lokacin lambar OPay ko Moniepoint ko PalmPay ta zama abin da ake rubutawa a jikin bango da gefen tebur, har a kasuwannin ƙauye. Abin da shekaru na wayar da kai suka kasa, watanni biyu na layin banki suka yi shi.

Ke nan, idan wurin baje kaya da hanyar karɓar kuɗi sun samu, amma shaguna na ci gaba da mutuwa, lallai ciwon yana wani wuri dabam.

Wa zai tsaya maka?

Bahaushe bai fara ciniki da wanda ke nesa a zamanin wayar salula ba. Fataken goro, irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sun yi ta ratsa daji wata da watanni zuwa Gwanja, su sauka a kasuwar Salaga da ke ƙasar Ghana ta yau, cikin mutanen da ba su haɗa harshe ba. Abin da ya riƙe wannan fatauci shi ne fatoma. Shi ke saukar da baƙo, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya kuma ɗauki lamunin cinikin. In mai saye ya gudu da bashi, fatoma ne zai biya, domin sunansa shi ne jarinsa.

Masanin nan Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan, ya bayyana yadda ake sayar wa mahautan garin shanun Arewa bashi, ba takarda ba kotu, sai lamunin mai gida kawai. Mai gidan ya san kowane mahauci, ya san wanda ya taɓa cin amana, ya san iyakar abin da za a iya ba kowa. Ba sai an je Ibadan ba ma. A kasuwar dabbobi ta Getso, a nan ƙasar Gwarzo, baƙon da ya zo sayen sa yakan nemi dillali ne tukuna, kuma la'adar da yake bayarwa kuɗin shaida ce: shaidar cewa dabbar ba ta sata ba ce, kuma akwai wanda za a riƙe in magana ta tashi.

Malaman fiƙihu su ma sun daɗe da sanin wannan matsala. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai babi guda a kan sayar da kaya a ƙunshe bisa takardar da ta lissafa abin da ke ciki. Risala, wadda almajiran ƙasar Hausa suka tashi da ita, ta halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, amma ta yi iyaka game da shardanta biyan kuɗi kafin kaya su zo, sai in wurin na kusa ko kayan ba masu saurin canzawa ba ne. Tambayar wa zai fara sakin abin hannunsa, mai kuɗi ko mai kaya, ta girmi intanet da fiye da shekara dubu.

Shagon intanet ya zo ya cire fatoma daga tsakiya, bai kuma sa kowa a gurbinsa ba. Matar da ke Kaduna ta ga hoton leshi a shafin wata da ta ce tana Gwarzo. Ba ta san gidansu ba, ba ta san wanda ya san ta ba, kuma ta sha jin labarin waɗanda suka tura kuɗi aka toshe lambarsu, ko aka aiko musu da abin da bai yi kama da hoton ba. Don haka sai ta ce a kawo tukuna, in ta gani ta biya. Mai kayan ita ma ta sha jin labarin alat na bogi, da na wanda ya karɓi kaya ya kashe waya. Kowacce na da gaskiya. Ciniki ya mutu a nan, ba tare da an yi maganar farashi ba.

Kada a ɗauka ƙananan 'yan kasuwa kaɗai abin ya dama. Jumia da Konga, waɗanda aka kafa a Legas a 2012, sun jawo masu saye ne da tsarin biya idan kaya sun iso, domin sun san 'yan Najeriya ba za su yi cinikin biri a sama ba. Tsarin ya zo da nasa bala'in: mayar da kaya ba dalili, da haɗari ga masu kaiwa. A watan Maris na 2017 aka kashe wani mai kai kayan Jumia a Fatakwal, lamarin da ya sa wasu kamfanoni suka dakatar da tsarin. Jumia ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a 2019, ya tara maƙudan daloli, amma fiye da shekara goma bayan kafuwarsa yana ta bayyana asara a rahotanninsa na shekara, har ya rufe sashensa na kai abinci a ƙarshen 2023. Idan wannan ne halin mai biliyoyi, da wane ido ake kallon yarinya mai jarin Naira dubu ɗari a ce mata hoto mai kyau ya ishe ta?

Masu horarwa na son ambaton China, da ƙauyukanta da suka yi arziki da ciniki a Taobao. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne, bayan kamfanin Alibaba ya buɗe Taobao a 2003, abin da ya fara ginawa shi ne Alipay, wanda aikinsa na asali riƙe kuɗin mai saye ne har sai ya tabbatar kaya sun iso, sannan a sakar wa mai sayarwa. Fatoma ke nan, sai dai na kwamfuta. Daga baya, a 2014, kamfanin ya shiga kafa cibiyoyin karɓa da aika kaya a ƙauyuka. Mutanen China lamuni da hanya suka fara shimfiɗawa, shaguna suka biyo baya.

Hanya da adireshi

Gwarzo na da nisan kimanin kilomita 70 yamma da birnin Kano, a kan titin da ya taso daga Kabuga, ya wuce sabuwar Jami'ar Bayero, ya ratsa ƙasar Rimin Gado da ta Kabo, ya zarce Dayi a Jihar Katsina. A taswira wannan ba wani nisa ba ne. A lissafin ɗan kasuwa kuwa, kowane kilomita kuɗi ne.

Manyan kamfanonin kai saƙo ofisoshinsu na cikin birni. Abin da mai shago a Kabo ke da shi shi ne webil: ya je tasha, ya ba direba ko ɗan kamasho ƙunshi, ya rubuta lambar waya a jiki, ya biya, ya koma gida yana addu'a. In kayan Abuja za su, motar Gwarzo iyakarta Kano. Dole wani ya karɓa a Rijiyar Zaki, ya hau A Daidaita Sahu ya ƙetare gari zuwa Unguwa Uku ko Na'ibawa, ya sake biya, ya sake damƙa wa wani direban. Hannu uku ko huɗu ke nan, kuma mafi yawan lokuta babu rasit, babu inshora. In ƙunshi ya ɓata ko man ja ya zubo masa, ba a san wanda za a tuhuma ba, asarar kuma ta mai shago ce.

Kada a raina webil. Direbobin nan su ne ainihin kamfanin kai saƙo na Arewa, kuma abin mamaki ne yadda kaya ke isa lafiya a tsarin da amana kaɗai ke riƙe shi. Amma tsari ne da aka gina domin waɗanda suka san juna. Kuma tun daga 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da farashinta na hukuma bai kai Naira 200 ba ta haura Naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Kuɗin webil ya bi sahu.

Sai maganar adireshi. A yawancin garuruwan yankin, kwatance ake yi: bayan masallacin Juma'a, kusa da injin niƙa, a tambayi gidan wane. Wannan na aiki ga ɗan gari, amma ba ya shiga fom ɗin kamfani, kuma ba ya ba baƙo ƙwarin gwiwar cewa akwai ƙofar da zai ƙwanƙwasa idan an cuce shi. A nan ya kamata a tuna wa masu mulki wani abu. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa sanya wa tituna suna da bai wa gidaje lamba cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Aiki ne mai arha, fenti da alluna da rajista. Shugaban ƙaramar hukumar da ya yi shi ya taimaki kasuwancin intanet fiye da wanda ya raba wayoyi ɗari a gaban kyamara. Sai dai lambar gida ba ta tafi, ba ta kuma jefa ƙuri'a.

Lissafin da ba a yi a allo

A ƙaddara, don sauƙin lissafi kawai, wata ta sari turmin atamfa a Kantin Kwari a kan Naira 20,000, ta sa shi 23,000. Ribarta 3,000. A ƙaddara kuɗin aikawa Kaduna 2,500 ne, kuma mai saye ce za ta biya idan kaya sun iso. Ta aika turmi biyar. Huɗu suka karɓa, ta biyar ta ce launin bai yi mata ba. Yanzu mai shago za ta biya kuɗin zuwa da na dawowa, 5,000. Ribar 12,000 ta koma 7,000, tun ba a cire kuɗin motarta zuwa Kano da dawowa ba, da leda, da data, da cajin waya, da harajin Naira 50 da ake cira a kan turawar da ta kai 10,000. Datar ma ta ƙara tsada, tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025.

Akwai kuma ramin da ya fi wannan zurfi. Kafin Yunin 2023 Dala na wajen Naira 460 a farashin hukuma. A Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. A irin wannan lokaci mai ƙaramin jari kan sayar da turmi 23,000 tana murna, ta koma Kwari ta tarar ya zama 24,000. A littafinta ta ci riba, a zahiri ta ci uwar kuɗi. Babban ɗan kasuwa mai sito cike da kaya hauhawar farashi ƙara masa take yi. Mai turmi biyar kuwa cinye ta take yi a hankali, ba ta ma san lokacin da aka gama ba.

Wannan lissafi bai fi minti goma a allo ba. Dalilin da ya sa ba a yin sa a bita a fili yake: yana rage armashin taro, kuma wanda ke sayar da kwas ɗin koyon kasuwanci ba zai so ɗalibi ya gane cewa mai kwas ɗin ne kaɗai ribarsa ta tabbata ba.

Sayar wa Kano kayan Kano

Misalin atamfa da gangan aka kawo shi, domin shi ne kuskuren da aka fi yi. Mafi yawan sababbin shaguna abu ɗaya suke sayarwa: atamfa, leshi, abaya, takalma, jaka, turare. Duk daga Kwari ko Sabon Gari ko Kofar Wambai aka saro su. Mai shago a Gwarzo tana gasa ke nan da dubban mata da ke zaune a Gwale da Fagge da Hotoro, waɗanda tafiyar minti ashirin ce tsakaninsu da dila, kuma ɗan acaɓa ko mai A Daidaita Sahu zai kai wa mai saye kaya a yinin. Ta fara tseren ne da kilomita 140 na zuwa da dawowa a wuyanta.

Alhali yankin na da abin da birni ke nema. Ƙasar noma ce: dawa, gero, masara, gyaɗa, wake, waken suya, barkono, ga noman rani a bakin madatsun ruwa irin Guzuguzu. Ma'aikaciyar banki a Abuja ko likita a Legas na neman man gyaɗar da ba a gauraya ba, da ƙuli-ƙuli, da daddawa, da kuka, da busasshiyar kuɓewa, da garin kunu, daga hannun wanda za ta amince da tsabtarsa. A irin waɗannan kaya nisa daga birni daraja ce, domin mai sayarwa na zaune a tushe.

To amma nan ma akwai aiki, kuma shi ne ya cancanci a kira shi horo. Ƙauye da kwano da tiya yake awo, mai saye na nesa kilo ya sani. Kwalbar man gyaɗa sai an san yadda za a rufe ta ta jure ramukan titi. Abin da aka aika a watan jiya dole ya zama daidai da na wannan watan. Abincin da aka ƙunsa aka yi wa tambari yana buƙatar rajistar NAFDAC kafin ya shiga manyan kantuna, sunan kasuwanci kuma na buƙatar rajistar CAC. Waɗannan abubuwa ne masu gundura, ba sa kyau a hoto, kuma su ne bambancin sana'a da wasa.

Rumfa a filin wani

Shafin Instagram ba mallakar mai shi ba ne. Rumfa ce a filin wani, kuma mai filin na Amurka. Shekarar 2021 kaɗai ta isa darasi. A watan Yuni gwamnatin tarayya ta rufe Twitter, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. A watan Satumba aka katse layukan sadarwa a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda matsalar tsaro, har da Malumfashi mai maƙwabtaka da Gwarzo. Ranar 4 ga Oktoba kuma Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kimanin awa shida. A Oktoban 2024 yawancin Arewa ta kwashe fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Wanda dukan abokan cinikinsa ke cikin shafi ɗaya, ranar da aka yi masa kutse ko aka rufe shafin ya koma farko. Littafin dubu ɗaya da aka rubuta sunayen masu saye da lambobinsu da abin da suka saba saya ya fi mabiya dubu goma amfani.

Rabon masu saye a laifin

Ba masu horarwa da masu mulki kaɗai ke da laifi ba. Akwai kason masu albashi, 'yan boko na birni waɗanda asalinsu waɗannan garuruwa ne, kuma su ne kasuwar farko ta kowane sabon shago. Yaya a Abuja zai ce wa ƙanwarsa ta aiko da turare kwalba uku, zai turo kuɗin ƙarshen wata. Matar kawu za ta ɗauki leshi ta ce ai na gida ne. Ƙanwar ba ta da bakin tambaya, domin kunya da girmamawa sun ɗaure ta. Mutumin da ba zai taɓa fita daga babban kanti da kaya bai biya ba, shi ne ke riƙe wa 'yar uwarsa Naira dubu goma sha biyar wata uku, yana kuma yi mata wa'azin dogaro da kai. Bashin dangi ya kashe shagunan da ɗan damfara bai taɓa jin labarinsu ba.

Yawancin masu waɗannan shaguna mata ne, kuma wannan ba sabon abu ba ne. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina a shekarun 1960, ta rubuta a kan ɓoyayyen cinikin da matan Hausawa ke yi daga cikin gidajensu, ta hannun yara masu talla da dillalai mata. Sitatus ɗin WhatsApp farantin talla ne na wannan zamani, kuma alherinsa babba ne idan ya sa yarinya ta zauna a aji maimakon yawo da faranti. Amma dillaliya ta dā ta san kowane gida, ta san wadda ke biya da wadda ke ja, kuma tana da bakin da za ta tsaya a tsakar gida ta karɓo kuɗin mutane. Waya ba ta gaji wannan ɓangaren aikin ba.

Ai wasu sun yi nasara

Za a ce ai ga wance ta yi gida da mota da cinikin intanet, kuma ilimin zamani ba ya zama asara. Duk gaskiya ne. Shirye-shirye irin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 domin horar da matasa miliyan uku a fannin fasaha suna da muhallinsu, kuma babu mai hankalin da zai ce a daina koyo.

Amma a duba waɗanda suka yi nasarar da kyau. Kusan kullum za a tarar akwai wani abu a bayan shafin: yaya mai shago a Kwari da ke ba da kaya sai an sayar a biya, ko miji direba mai zuwa Kaduna kullum, ko ƙawaye ɗari na makaranta da suka fara saya suka yi shaida. Wato sun zo da fatomansu da hanyarsu daga gida. Nuna su a matsayin hujjar cewa waya kaɗai ta isa daidai yake da nuna wanda ya gaji gona a ce fartanya ce ta yi masa arziki. Waɗanda suka faɗi kuwa ba a gayyatar su su yi jawabi, shi ya sa ba a jin lissafinsu.

Abin da ya kamata kuɗin bita su yi

Gyaran bai fi ƙarfin yankin ba, kuma ba ya jiran Abuja. Da farko, wurin tara kaya: shago ɗaya a tashar Gwarzo, ɗaya a Kabo, inda masu sayarwa za su kawo ƙunshinsu a ranaku sanannu, a auna, a rubuta, a ba da rasit, mota ɗaya ta kwasa zuwa Kano. Kuɗin da mutum ashirin ke biya dabam-dabam zai ragu sosai, kuma in an yi yarjejeniya a rubuce da ƙungiyar direbobi, an san wanda zai biya idan kaya sun ɓata.

Na biyu, a dawo da fatoma. Ƙungiyar masu sayarwa mai rajista, da dattawan kasuwa da aka sani a cikinta, za ta iya tantance mambobinta, ta riƙe kuɗin mai saye har kaya su isa, ta biya diyya daga asusun haɗaka idan mamba ya saɓa, ta kuma kore shi a bainar jama'a. Mutanen da suka iya riƙe adashi shekara da shekaru ba tare da takarda ba ba za su kasa wannan ba. Babbar makarantar kimiyya da fasaha ta tarayya da aka kafa a Kabo na da ɗaliban da za su iya gina manhajar da za ta riƙe wannan lissafi, kuma zai fi musu amfani a matsayin aikin kammala karatu fiye da kwafo abin da ba wanda zai buɗe.

Na uku, ƙananan hukumomin biyu su sanya wa tituna suna, su bai wa gidaje lamba, kamar yadda doka ta riga ta ɗora musu.

Na huɗu, a canza ma'aunin nasara. Duk hukuma ko ɗan siyasa ko ƙungiyar da ta ce ta horar da matasa ɗari biyar, a tambaye ta shaguna nawa ne ke raye bayan shekara guda, kuma nawa ne jarinsu ya ƙaru. Wanda ba shi da amsa taro ya yi, a kira shi da sunansa.

Shi kuwa matashin da ke riƙe da kuɗin tumakinsa yana shirin shiga Kano, kafin ya hau mota yana da tambayoyi uku da zai amsa a takarda. Wane ne zai yi masa shaida a wurin wanda bai san shi ba? Wane direba ne zai ɗauki kayan, nawa zai karɓa, kuma wa zai biya in an dawo da su? Me zai saura a kan kowane ƙunshi bayan an cire komai, har da ranar da ciniki ya lalace? Idan ya samu amsa, buɗe shafin aikin yamma ɗaya ne. Idan bai samu ba, tumakin su ci gaba da kiwo tukuna, domin su aƙalla suna haihuwa.